Bidiyon koyar da tsara kundi a Word: ta ina zan gyara?

Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata kwaleji a nan Sakkwato, ina koyar da kwamfuta, kuma duk shekara ana ba ni ɗaliban ajin ƙarshe in duba kundinsu na kammala karatu. Abin da ke cinye mini lokaci ba abin da suka rubuta ba ne, yadda suka tsara shi ne: lambar shafi a hargitse, ƙunshiya ba ta dace da shafuka ba, kowane babi da irin harafinsa. Na gaji da maimaita magana ɗaya, sai na ɗauki bidiyo na minti 40 na tura musu ta WhatsApp. Kaɗan ne suka buɗe, su ma suka ce ba sa ganin rubutun, ga ƙarar janareta. Ta ina zan gyara?
Wata malama daga Mabera

Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki yi saurin ɗora wa ɗaliban laifin lalaci, don lissafi ne ya hana su buɗewa. Bidiyon minti 40 da aka ɗauka a kan kbps 2,500 nauyinsa ya kai megabait 750. Ɗalibin da ke sayen data ta kwana ɗaya yana ganin wannan lamba zai wuce. In kuma kin tura shi a matsayin bidiyo ne kai tsaye, WhatsApp ta matse shi da kanta, kuma abin da matsi ke fara cinyewa shi ne ƙananan haruffa, wato ainihin abin da kike son a gani. Ko dai ya yi nauyi, ko ya dushe.

Saboda haka ki yanka aikin. Bidiyo ɗaya, matsala ɗaya, minti 3 zuwa 6. Binciken da Philip Guo da abokan aikinsa suka fitar a 2014 kan darussan edX, wani dandalin karatu ta intanet, inda suka duba kallo miliyan 6.9, ya nuna cewa da zarar bidiyo ya haura minti 6 masu kallo sun fara zamewa. Sunan kowane bidiyo kuma ya zama kukan da ɗalibi ke yi da bakinsa: "Lambar shafina ta ƙi farawa daga 1 a babi na ɗaya" ya fi "Darasi na biyar" jan hannu, kuma shi zai nema da ƙarfe goma sha ɗaya na dare ana gobe miƙa kundi.

Babban abin da muke son ki canza shi ne inda kike farawa. Yawancin masu irin wannan bidiyo suna buɗe farin shafi su yi ta nuna maɓallai. Ɗalibarki ba farin shafi ke gabanta ba, shafi 60 ne da suka riga suka lalace. Ki zauna ki haɗa lalataccen kundi da hannunki, mai shafi 12 zuwa 15, ki zuba masa duk laifuffukan da kike gani: take da aka tura tsakiya da dogon maɓallin tazara, Enter goma sha biyar don a tsallaka sabon shafi, ƙunshiyar da aka buga ɗige-ɗigenta da hannu, sakin layi da aka kwafo daga intanet da nasa harafin. Kada ki yi amfani da kundin ɗalibi na gaskiya; sunansa da lambar rajistarsa za su yi yawo a wayoyin da ba ki sani ba. Wannan fayil ɗaya shi za ki riƙa gyarawa daga bidiyon farko har na ƙarshe, kuma shi za ki tura musu su yi gwaji a kai.

Bidiyon farko tona asiri ne, gyaran cikinsa kaɗan ne. Ki danna Ctrl+Shift+8, alamar ¶ ta bayyana, kowace tazara ta zama ɗigo, kowane Tab ya zama kibiya. Sai ki hau shafi na biyu ki ƙara jimla ɗaya tak, ki gangara ki nuna musu yadda taken babi na biyu ya sauko tsakiyar shafi, na uku ma haka. Gani ya kori ji. Wanda ya ga wannan da idonsa ya fahimci dalilin da ya sa aikin da ya kwana yana daidaitawa ke rushewa da zarar mai duba shi ya ce a ƙara sakin layi. A nan ne za ki nuna Ctrl+Enter, wanda ke tsallaka shafi sau ɗaya ya zauna daram, da kuma Ctrl+H don share Enter da aka tara: a rubuta ^p^p a akwatin sama, ^p a na ƙasa, a danna Replace All har sai ya ce babu saura. Ki ce su ajiye kwafi kafin su yi wannan.

Na biyu, takarda da jikin rubutu. Kwamfutoci da yawa suna zuwa a kan Letter, takardar Amurka mai inci 8.5 da 11, mu kuwa A4 muke bugawa, santimita 21 da 29.7. Wanda ya tsara a kan Letter, ya kai shagon buga takardu aka mayar A4, shafukansa sun motsa ke nan. Layout, Size, A4, tun kafin komai. Tun ran gini tun ran zane. Tazarar gefe da girman harafi kuwa kada ki faɗa da ka, ki karɓi takardar ƙa'idar sashenku ki nuna ta a bidiyon. Abin da aka fi gani shi ne Times New Roman mai girma 12, layi biyu-biyu, inci 1 a gefuna uku, inci 1.5 a hagu saboda ɗinki. Amma yadda za a saka su ne darasin. Ba Ctrl+A za a yi a canza harafi ba, wannan gyaran gangar Auzinawa ne, yana haɗawa da kanun babi da jadawali ya daidaita su da jikin rubutu. A danna Normal, wato salon jikin rubutu da ke jerin Styles, da maɓallin dama na linzami, a zaɓi Modify, a sa harafi da girma, a shiga Format, Paragraph, a sa tazarar layi, a mayar da Spacing After zuwa 0. Word na zamani yana barin 8 pt bayan kowane sakin layi, shi ne gibin da ɗalibai ke rasa daga ina ya fito.

Na uku shi ne ƙashin bayan duka, ki ba shi minti shidansa cif. Kanun babi su zama Heading 1 da Ctrl+Alt+1, ƙananan kanu irin su 1.1 su zama Heading 2 da Ctrl+Alt+2, na ƙasa da su Ctrl+Alt+3. Da zarar sun danna, rubutun zai koma shuɗi da wani harafi daban, kuma a nan ne yawancinsu ke tsorata su janye. Ki faɗa musu tun kafin ki danna cewa haka zai faru. Sai ki yi Modify a kan Heading 1 sau ɗaya: baƙi, mai kauri, a tsakiya, Times New Roman, su ga duk babi biyar sun canza lokaci guda. A cikin Paragraph, ƙarƙashin Line and Page Breaks, akwai Page break before. In aka sa masa alama, kowane babi zai fara a sabon shafi da kansa, sai a cire tsallaken da aka sa da hannu a gabansa. Ga wata 'yar dabara da ba kowa ya sani ba: inda aka rubuta BABI NA ƊAYA a layi ɗaya, GABATARWA a layi na biyu, a raba su da Shift+Enter, ba Enter ba, don su fito a matsayin abu guda a ƙunshiya.

Yanzu lambar shafi, wadda ita ce ta fi sa ɗalibai kuka. Abin da ake so sananne ne: shafin take babu lamba a kansa, sadaukarwa da godiya da tsakure su ɗauki i, ii, iii, babi na ɗaya ya fara da 1. Kafin ki taɓa maɓalli, ki yi musu bayanin dalili da takarda biyu a hannu ko zane a allo: Word ba ya ba wa shafi tsarin lamba, sashe yake ba wa. Kundin da ba a raba ba sashe ɗaya ne, don haka tsarin lambarsa ɗaya ne. Sai ki ajiye alamar rubutu a ƙarshen shafukan share fage, ki shiga Layout, Breaks, ki zaɓi Next Page da ke ƙarƙashin Section Breaks. Ki tsaya a nan ki zuƙo hoton, don a jerin akwai Page a sama, kuma shi hannunsu ke fara kaiwa. Daga nan a danna ƙasan shafin babi na ɗaya sau biyu, a kashe Link to Previous, a shiga Page Number, Format Page Numbers, a zaɓi 1, 2, 3, a sa Start at 1. A koma sashen farko a zaɓi i, ii, iii, a sa alama a Different First Page don shafin take ya fita fes.

Kada ki rufe wannan bidiyo ba ki nuna hanyoyi uku da abin ke lalacewa ba. In an sa Different First Page kafin a raba sashe, sabon sashen yana gadonsa, sai shafin farko na babi na ɗaya ya fito ba lamba. A shiga wannan sashen a cire alamar. In ɗalibi ya goge lamba a wani shafi alhali Link to Previous na kunne, ta ɓace a ko'ina. Na ukun ya fi ban haushi: a babi na huɗu an kwantar da shafi ɗaya a faɗi saboda babban jadawali, wanda ke buƙatar rabon sashe a gabansa da bayansa, sai lamba ta koma 1 a tsakiyar kundi, domin sababbin sassan sun gaji Start at 1. Maganinsa Continue from previous section a kowannensu. Wannan ya isa a yi masa bidiyonsa daban na minti uku.

Ƙunshiya, bayan an yi kanu daidai, aikin daƙiƙa goma ne: References, Table of Contents. Ki bar su su ji daɗin ganin ta fito, sannan ki nuna Update Field da Update entire table, da abin da ke faruwa in sakin layi guda ya faɗo cikin ƙunshiya, wato an shafa masa Heading bisa kuskure, a mayar da shi Normal da Ctrl+Shift+N. Jadawali su samu suna ta Insert Caption, wanda ya tsallaka shafi a sa masa Repeat Header Rows. Manazarta kuma Ctrl+T ke tura layi na biyu ciki da santimita 1.27 kamar yadda tsarin APA ke so, maɓallin Sort ya jera su bisa haruffa. Wanda ya karya layukan manazarta da Enter, yana danna Sort za su watse kamar an zubar da gero.

Akwai bidiyo guda da ba za su samu a YouTube na Turawa ba, kuma ɗaliban sashen Hausa na matuƙar bukatarsa: haruffa masu ƙugiya. Wanda ya yi rubutu da tsohon harafi irin su Rabi'at, ya kai fayil kwamfutar da babu shi, sai ƙasa ta koma }asa, ɗaya ta koma ]aya, ɓangare ya koma ~angare. Ki koya musu haruffan Unicode: U+0199 sannan Alt+X yana ba da ƙ, U+0257 ɗ, U+0253 ɓ, manyansu U+0198, U+018A da U+0181. Su riƙa haɗawa da U+ ɗin, domin in harafin da ke gaban lambar a, b, c, d, e ko f ne, Word na iya haɗa shi cikin lambar ya fitar da wani abu daban. Wanda zai yi rubutu mai yawa ya ƙara madannin Hausa a saitin harshe na Windows. Tsohon fayil kuwa Ctrl+H ya wadatar, alama shida, sau shida. Masu saka ayoyi da hadisai su ma a nuna musu yadda ake juya sakin layi ya fara daga dama, maimakon tura shi da tazara.

To, ɗaukar kanta. Ki sa a ranki cewa a waya za a kalla, allon da bai wuce tafin hannu ba. Ki mayar da allon kwamfutarki 1280 da 720, ko ki ɗaga Scale zuwa 150%, ki zuƙo shafin Word zuwa 150%, ki ƙara girman kibiyar linzami ki canza mata launi a saitin Accessibility. Ki kashe sanarwa, kar saƙon gida ya faɗo tsakiyar darasi. Ki ɗauki gwajin daƙiƙa 20, ki tura wa wayarki, ki duba ko kina iya karanta Breaks ba tare da kin kanne ido ba. In ba ki iya ba, su ma ba za su iya ba.

Manhajar ɗauka, OBS Studio kyauta ce kuma ta wadatar. Ki zaɓi Display Capture don ƙananan akwatuna su fito. Game Bar na Windows mai Win+Alt+R taga ɗaya yake bi, yakan tsallake jerin da ke saukowa, wanda shi ne rabin darasinki. Hoto 15 a daƙiƙa ya isa, ba ƙwallo ake bugawa ba. Ki ɗauka a tsarin MKV, ba MP4 ba: in wuta ta ɗauke ko batir ya mutu ana tsakiyar ɗauka, MP4 na iya lalacewa gaba ɗaya, MKV kuwa abin da aka ɗauka yana nan. Bayan kin gama, File, Remux Recordings zai mayar da shi MP4 nan take. In OBS ta yi miki nauyi, PowerPoint na da Screen Recording a ƙarƙashin Insert. Don zuƙo wuri da zana da'ira ana cikin magana akwai ZoomIt, sai dai ki canza maɓallansa tukuna, domin Ctrl+1 da Ctrl+2 da yake amfani da su su ne na tazarar layi a Word. Za ki ce "ga layi biyu-biyu" sai alƙalamin zane ya fito.

Murya ta fi hoto muhimmanci. Makirufon jikin kwamfuta yana kwasar ƙarar fankarta da ƙwanƙwasar maɓallai. Iyafis na waya mai igiya ya fi shi nesa ba kusa ba. Ki riƙe makirufonsa kamar taƙi ɗaya daga bakinki, ta gefe kaɗan don iskar "f" da "b" kar ta buga. Lokacin da ya fi dacewa a Sakkwato shi ne bayan sallar asuba, kafin 'yan kabu-kabu su fito, kafin maƙwabta su tayar da janareta, kuma kafin zafi ya sauko, don dole ki kashe fanka. A watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, ba wanda zai zauna minti 40 ba fanka, amma minti biyar mai yiwuwa ne. Ɗaki mai labule da darduma da katifa ya fi ofis mai tayil, inda murya ke amsa-kuwwa. A OBS ki ƙara Noise Suppression a kan makirufon.

Ki yi bayani da Hausa, yadda kike yi a aji in kin ga ba su gane ba, amma sunan maɓalli ki kira shi yadda yake a rubuce a allo. Ki faɗi wurin kafin ki danna, ki dakata daƙiƙa biyu bayan kin danna. Duk maɓallan haɗi ki furta su, tunda ba a ganin yatsunki. Ki rubuta matakan a takarda ki ajiye gefe, layi goma ko sha biyu, ba jawabi ba. In kin yi tuntuɓen harshe, ki yi shiru daƙiƙa uku ki maimaita jimlar, wurin yankewa zai fito fili. Sallama da gabatarwa kar su wuce daƙiƙa 10. Ki kuma faɗi wane Word kike amfani da shi, domin a na 2007 zuwa 2013 Page Layout ake kira, daga na 2016 ya koma Layout, kuma kwamfutocin shagunan buga takardu ba duka ne sababbi ba.

Kafin turawa ki bi da shi ta HandBrake, manhajar rage nauyin bidiyo, ki zaɓi 720p, ki sa hoto a kbps 500, murya a 64. Minti biyar zai tsaya wajen megabait 21, kuma rubutun allo, da yake ba motsi yake yi sosai ba, zai fito tsaf. Ki tura a WhatsApp a matsayin Document don kar a sake matse shi, da suna mai lamba a gaba don su jeru. Ki ba shugaban aji duka a filashi, sauran su karɓa ta Xender ba tare da sun ƙona data ba.

Da yawansu a waya suke buga kundin da WPS Office, kuma jerin maɓallanta ba irin na kwamfuta ba ne. Su ma a yi musu gajeren bidiyo mai saƙo ɗaya: a waya a yi rubutu zalla, Enter ɗaya a ƙarshen sakin layi, babu ƙawa, tsari sai an hau kwamfuta. Na ƙarshe kuma ya zama na kai aiki shago: Ctrl+A da F9 don komai ya sabunta, a duba ko "Error! Bookmark not defined." ta fito a ƙunshiya, sannan a ajiye PDF, shi za a miƙa wa mai firinta.

Yadda za ki san sun kalla ba sai kin tambaye su ba. Bayan kowane bidiyo su gyara lalataccen fayil ɗin su turo miki a matsayin Word, ba PDF ba. Ki buɗe View, Navigation Pane. In kanun babi sun jeru a gefen hagu, an yi aikin. In wurin wayam ne, da hannu aka yi kwalliya komai kyan shafin. Ki ƙara da Ctrl+Shift+8 ki gangara sau ɗaya. Rabin minti ya ishe ki kowane ɗalibi. Ki sa wannan ya zama sharaɗi kafin ki karɓi babi na ɗaya, ba sai an zo babi na biyar ba.

A wannan makon ki ɗauki uku kawai: na alamar ¶, na kanu, da na lambar shafi. Ki ba ɗalibai biyu su gwada a gabanki, ki zauna a bayansu ki yi shiru, ki rubuta daƙiƙar da suka tsayar da bidiyon suka koma baya. Wurin nan ne za ki sake ɗauka a hankali kafin ki tura wa ajin duka.